Ranar da Na Cire Hula a Zauren Liman

Ƙarfe uku da minti goma na yamma ne, ranar Talata, shekara biyu bayan sojoji sun dawo daga yaƙin ƙasar Bama. Na riƙe lokacin daidai domin Liman ya ciro agogon aljihunsa ya ajiye a kan buzu kafin ya ce komai. Mu shida ne a zauren. Akwai Liman kansa. Akwai mahaifina, Malam Haladu, babban masu bugun tufafi na unguwarmu a Azare. Akwai ƙanensa, Baffa Sale. Akwai Malam Modu, Babarbare, wanda ya shekara talatin yana fuskantar Baba a kan gungume ɗaya. Akwai Malam Buba, ladanin masallacinmu, Bafulatani siriri mai dogon wuya, wanda a kansa ake zaman. Sai ni, Idi, ina da shekara ashirin da biyar, da mata da ɗiya ɗaya. Na rakuɓe kusa da ƙofa, sanye da hula haɓar-kada, ina roƙon Allah kada a kira sunana.

Na ji abin da ake gaya muku, ku 'ya'yana da jikokina, wai na kunyata ubana a gaban jama'a don in gaje ɗakin bugu. Gwaggonninku ne suka fara wannan magana, kuma babu ɗayarsu da ta kasance a wurin. Saboda haka zan faɗi yadda aka yi daki-daki, kuma ban yarda a tsallake shafi ba.

Na farko, sana'ar, tunda ba ku tarar da ita ba. Idan marina sun gama rina riga ko rawani, sai a kawo mana. Mu yayyafa ruwa, mu barbaɗa shuni, mu ninke, mu ɗora a kan gungume. Mutum biyu su zauna nan, biyu can, suna fuskantar juna, kowa da gudumar ice, a yi ta bugu har tufa ta yi sheƙin da mutum zai kusa ganin fuskarsa a jiki. Gungumenmu na ƙirya ne, kakana ya jawo shi da takarkari tun daga Katagum lokacin da sarauta ta dawo Azare. Ɗakin kuwa ƙarami ne, gajere, ƙofa ɗaya, babu taga, don kada iska ta kwashe shuni. Guduma huɗu a cikin wannan ɗaki, tun daga hantsi har la'asar, ban da Juma'a. Wanda yake son ya san yadda abin yake, ya kifa ƙwarya a kansa, ya sa wani ya yi ta dukanta da muciya har tuwo ya nuna.

Na biyu, gidanmu. A gidanmu ba a magana, kira ake yi. In Baba zai ce a miƙo masa buta, sai ka ga maƙwabci ya leƙo ta katanga ko gobara ce. Mu da muka tashi a ciki mun ɗauka haka mazan kirki ke magana. Ana kiran gidan Gidan Masu Murya, Baba kuwa yana son sunan, ya ɗauka yabo ne. Asiri ba mu da shi ko ɗaya. Ranar da aka yi shawarar aurena a uwar ɗaki, ƙofa a rufe, kafin Baffa ya gama sa takalmi dangin yarinyar sun aiko da amsa, har da gyara a kan abin da Baba ya faɗa game da hancin kakarta.

Baba mutum ne mai tsari, kuma daga wurinsa na samo nawa. Yana da wurinsa a sahun farko, dama da Liman, har tabarmar wurin ta ɗauki siffar gwiwarsa. Amma a waɗannan shekaru ya shiga kukan cewa duniya ta yi sanyi. Zakarun yanzu ba sa cara kamar na da. Hadari yana haɗuwa, ya yi walƙiya, ya wuce ba tsawa. Mutane kuma sun koma magana ciki-ciki kamar masu gulma. In ya tambayi Baffa Sale da Malam Modu, sai su ce wallahi haka ne, su ma sun lura. Su ukun suna jin junansu sarai, domin kowannensu ihu yake yi, saboda haka babu wanda ya taɓa zargin kunnensa. Mutum ɗaya kawai Baba yake yabo a zamanin nan, ita ce Inna, kakarku Hajo. Kullum in ta kawo masa tuwo yana ganin leɓenta na motsi, sai ya riƙa gaya wa mutane a kasuwa cewa 'yar Katagum ba ta rabuwa da tasbihi. Mu da muke zaune kusa muna jin tasbihin. Ga ɗaya daga ciki:

"Ci, mai baki kamar ganga. Cika shi dam, ko kajina za su samu su yi ƙwai."

Baba ya dube ta, ya gyaɗa kai, ya ce, "Allah ya karɓa!"

Na uku, auduga. Na fara bugu ina da shekara goma sha shida. Bayan shekara huɗu sai gyare ya tare a kunnena na hagu, yana kuka safe da yamma, ga ciwo. Inna mai kaɗi ce, auduga ba ta yanke mata. Ta tsoma 'yar kaɗan a man shanu ta cusa mini, ta ce in bar ta kwana uku. Na tafi aiki da ita. Ranar na gane abu biyu. Ɗaya, bugun ya daina shiga mini har ƙwaƙwalwa, amma ban ɓata jere ba, domin hannu da gwiwa suna jin gungume. Biyu, da na fito da yamma na cire, na ji kukan kurciya a kan tsamiya, abin da na daɗe ban ji ba bayan tashi daga aiki. Washegari na toshe duka biyun. Sai dai a wurin masu bugu wannan abin kunya ne. Baffa Sale yana cewa gawa kaɗai ake cusa wa auduga, namiji kuwa da kunne a buɗe yake karɓar sana'ar ubansa. Don haka na nemi hula haɓar-kada, mai kunnuwan nan da ke saukowa har kumatu, na riƙa sa ta ko da bazara, zufa na bin wuyana. Suka sa mini suna Mai Jin Sanyi. Na haƙura da sunan shekara biyar.

Na huɗu, ƙarar. A wannan shekara Baba ya fara makara. Sau uku a mako ɗaya ya isa masallaci an riga an yi ruku'u, wani mai sayar da gishiri na tsaye a kan tabarmarsa. Ya kira Baffa da Malam Modu shawara ta sirri, wadda duk unguwa ta saurara, suka gano mai laifi: muryar ladan ta mutu. Abin da ya ba maganarsu ƙarfi shi ne, lalle Malam Buba ya yi fama da tari a sanyin da ya wuce. Kuma gidajenmu ne ƙarshen unguwa, dab da karofin marina, inda ba mai zama sai mu, don ba wanda zai iya da ƙara da warin baban rini. Liman kuwa katangarsa ɗaya da masallaci, ba shi da hanyar sanin ko kira yana kaiwa can. Ga dattawa uku, ba a taɓa kama ɗayansu da ƙarya ba. Liman ya ce in aka samu na huɗu daga wannan gefen ya tabbatar, to zai sauke Malam Buba ya ɗora wani. Malam Buba a wurin ubansa ya gaji ladancin nan, bai san wani matsayi a duniya ba sai shi. Baba ya ce na huɗu ai yana gida, yana cin tuwonsa.

Da hantsin ranar na sami Inna tana kaɗi a inuwar rumbu. Ba ta ɗago kai ba.

"Za ka je ka ce ba ka ji?"

"Inna, Baba ne fa."

"Na san ko wane ne, ni na daɗe da shi fiye da kai. Ranar da aka haife ka yana Katagum, ya kai riguna. Malam Buba aka kira ya yi maka kiran salla a kunne. Kunnen nan da kake ta lulluɓewa kamar amarya, muryarsa ce ta fara shiga ciki. Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini haske."

Yanzu mun dawo zauren Liman. Baba ya yi bayani, ƙasa na zubowa daga azara. Baffa ya maimaita. Mutane suka fara taruwa a bakin ƙofa, ko da yake ba su da bukata, daga gidajensu ma suna ji. Malam Modu, da yake akwai wasa tsakanin Barebari da Fulani, bai tsaya a kan shaida ba.

"Allah gafarta Malam, a mayar da bawan nan nawa bayan shanu! Kindirmo ya toshe masa maƙogwaro!"

Malam Buba ya ce, "Babarbare, kai da ko aradu ta faɗo a kan rawaninka sai ka ce wa ke sallama."

Jama'a suka yi dariya. Malam Modu ya ga ana dariya, shi ma ya yi, ya ɗauka tasa ce ta ci. Amma na lura Malam Buba bai yi dariyar ba, carbinsa kawai yake ja. Liman ya juyo.

"Idi, kai ma can kake kwana, can kake wuni. Tsakaninka da Allah, kana jin kira ko ba ka ji?"

Na dubi Baba. Ya gyara zama, ya harɗe hannu, yana jiran ɗansa ya rufe magana. Na ce, a hankali, "Ina ji, Allah gafarta Malam. Sau biyar." Baba ya ga bakina ya motsa, ya ce, "To, kun ji!" Liman ya ce in ɗaga murya yadda mahaifina zai ji. Wannan shi ne abu mafi wuya da aka taɓa sa ni a rayuwata. Na matsa kusa da kunnensa, na faɗa da muryar gidanmu:

"Baba, ina jin kiran! Ko a cikin ɗakin bugu, in mun ajiye guduma, ina ji!"

"Ƙarya kake, ɗan nema! Gungume ɗaya muke bugu! Me kake da shi wanda ba mu da shi?"

Sai na cire hular. Daga wurin aiki muka zo, audugar tana nan a gefen kunnuwa inda na ɗan zaro ta, ta yi baƙi da shuni, tana naso da man shanu. Baffa Sale ya ja da baya yana salati, ya ce ashe shekara biyar da gawa suke aiki. Baba kuwa bai ruɗe ba, domin mutum ne mai hujja. Ya nuna ni da yatsa, ya dubi Liman.

"Allah gafarta Malam, ka yi hukunci! Mu uku, kunnuwa shida a buɗe, mun ce ba mu ji! Wannan ya toshe nasa da auduga, ya ce yana ji! Tun da aka kafa shari'a, an taɓa karɓar shaidar ji daga mai toshe kunne?"

Gaskiya ita ce, maganar ta shigi jama'a. Har na ga wasu a bakin ƙofa suna gyaɗa kai. Ni kaina na fara shakkar kaina. Liman ya shafa gemu, ya dubi agogonsa, ya ɗaga wa Malam Buba gira. La'asar ta yi. Malam Buba ya sulale ya fita ta bayan Baba. Dattawan uku ba su gan shi ba, domin duk sun juyo kaina, kowa yana faɗin irin abin da kakana zai yi mini da yana raye.

Sai kira ya tashi. Na sha jin Malam Buba, amma ban taɓa jin irin na wannan rana ba. Mutumin yana kira ne da ladancin ubansa a wuya. Tantabarun da ke kan soron Liman suka watse. Wani jaki a bayan masallaci ya tsinke igiya. Jama'ar bakin ƙofa suka yi tsit, suna amsawa a ƙasan leɓe. A cikin wannan hali Baba ya hangi inuwa a bakin zaure, ya ga ta kai inda take kaiwa, ya miƙe tsaye.

"Ga hujja ta kawo kanta! Ku dubi inuwa! La'asar ta yi! Ina kira? Ina kiran yake?"

Ya juya ya nuna wurin da Malam Buba yake zaune, ya ga buzu babu kowa.

"Kun gani? Ya ma gudu!"

Babu wanda ya yi dariya, kuma ina gode wa mutanen unguwarmu a kan wannan har gobe. Liman ya tashi, ya kama hannun Baba, ya fito da shi. Ga Malam Buba a kan matakalar masallaci, taku ashirin daga inda muke, jijiyoyin wuyansa sun tashi kamar igiyar guga, yatsunsa biyu a cikin kunnuwansa kamar yadda ladanai ke yi. Baba ya tsaya yana kallonsa. Daga baya ya gaya mini ya jiyo wani abu kaɗan, kamar mai kira daga ƙasan rijiya. Ya dubi tantabaru a sama, ya dubi leɓunan mutane, ya sa hannu ya taɓa kunnensa kamar mai laluben aljihun da aka yanke. Malam Modu ne ya fasa shirun.

"Haladu! Dubi bawan nan nawa! Shi ma ya toshe nasa!"

Malam Buba ya ci gaba da ladanci har ƙarshen ransa. Baba da kansa ya bugi rawani baƙi, kwana biyu yana kansa, ya kai masa har gida, ya nemi gafara, unguwa ta shaida ba tare da an gayyace ta ba. Wannan shi ne abin da aka samu. Ga abin da aka rasa. Baba ya kore ni daga gungume, na tafi Zadawa na yi noma a gonar surukina damina guda, ba ya amsa gaisuwata in na zo gida. Wannan bai dame ni kamar ɗayan ba: gidan ya yi shiru. Tunda ya gane bai san ƙarfin muryarsa ba, sai ya daina magana a gaban mutane. In yana son buta sai ya nuna da hannu. Mutumin da ya cika unguwa ya koma zaman zaure yana kallon bakunan mutane. Kajin Inna suka yi ƙwai, amma na same ta tana share hawaye a bayan rumbu, ta ce hayaƙi ne, alhali ba a hura wuta ba. Tambaya ɗaya kawai ya yi mata a duk wannan damina, matata ce ta ba ni labari.

"Ke, 'yar Katagum! Shekarun nan da nake ganin bakinki na motsi, tasbihi ne?"

Inna ta matsa kusa da kunnensa ta ce, "Wani lokaci shi ne, Malam!"

Ya dubi bakinta. Sannan ya ce, "Allah ya karɓi wanda ya dace!"

Da kaka ta yi na dawo gida. Wata safiya, rana ta ɗan ɗaga, ina gyara danga, sai ga Baba. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ya tabbata babu kowa. Ya kama hannun rigata ya ja ni bayan rumbu, ya sa tafin hannu a gefen baki, ya kawo bakinsa kusa da kunnena don ya yi mini raɗa, irin raɗarsa.

"Idi! Kada kowa ya ji! Audugar nan, ina ake samunta?"

Daga gida na uku, ta kan katanga biyu, matar Malam Modu ta amsa:

"A wurin Hajo!"

Ranar na koma gungume. Baba ya kafa doka, kuma ita na bi har na ajiye guduma. Ba mai ɗaukar guduma sai ya sa auduga da mai. An huda taga a bangon da ba ya fuskantar iska. Duk riga biyu, a fito waje a huta. Kowace safiya yana tsayawa a ƙofar ɗakin da sandarsa, ya ce wa kowa, har masu furfura, "Cire hula in gani!" Shi kansa yana sawa, ko da yake ya ce ba abin da ya rage da za ta tsare, amma babba ba ya kafa dokar da ba ya bi. Baffa Sale ya ƙi har ya mutu, ya ce za a sa masa in lokaci ya yi, kuma an sa masa. Ni kuma na ɗauki aikin taɓa kafaɗar Baba in an yi kira, sau biyar a rana, shekara goma sha ɗaya. Bai sake rasa tabarmarsa ba. Ɗakin bugu kuwa ban gaje shi da wayo ba. Ni kaɗai ne na rage da ke jin abin da masu kawo riguna suke faɗa.

Yau na haura saba'in. Gyaren nan na kunnen hagu yana nan, na shekaru huɗun farko ne, ba ya fita, kuma likitan asibiti ya ce abin da ƙara ta cinye ba ya dawowa. Amma na dama lafiya lau yake. Ina sanar da matan gidan nan cewa duk tasbihin da ake yi a madafa ina jin sa.

Ga abin da nake roƙo. Jikana Habu yana da injin niƙa a bakin kasuwa, cikin shago mai rufin kwano, ƙofa ɗaya. Ran Sallah da ya zo gaishe ni, ya yi mini barka da Sallah da murya irin wadda ban ji ba tun rasuwar Baba, ya kuma ce acaɓun yanzu ba su da ƙara kamar na da. Duk wanda ya fara karanta wannan takarda a cikinku, ya ɗauke ta gobe da safe ya je shagon. Ya cire wa Habu hula ya duba. In babu komai a kunnensa, ya kashe injin, ya zaunar da shi, ya karanta masa tun daga ƙarfe uku da minti goma, da murya irin ta mutane, kada ya ɗaga. Duk inda ya ce "Me ka ce?" a sa alama da fensir a gefen layin. Sannan a kawo mini takardar in ƙirga alamun, a kawo mini shi kansa, a biya kasuwa a taho da auduga.